Ranar da Sabis Ya Guji Alhaji Bahago a Chana

Duk wanda ya ce ya san Ƙofar Gayan ta Zariya amma bai san Alhaji Sharfaddeen Bahago ba, to a bakin ganuwa ya tsaya ya juya. Allah ya yi wa unguwar nan baiwa iri-iri, ya ba ta malamai, ya ba ta masu sana'a, da ya tashi cika mata ni'ima kuma sai ya ba ta Alhaji. Wata unguwar tana taƙama da likita, wata da alƙali. Mu kuwa muna da mutumin da ya fi maƙerin waya sanin waya. Da bakinsa ya faɗa, kuma Alhaji ba ya ƙarya sai in zance ya zo da ita.

Sana'arsa sayar da tocila, fitila mai caji, kwaɗo da agogon bango. Amma kada tsautsayi ya sa ka kira shi mai tocila, sai dai in ka gaji da gaisawa da shi. A allon shagonsa an rubuta Sharfaddeen Intanashinal da jan fenti. Intanashinal ɗin nan kuwa, shekara goma sha tara iyakarta Kano, ita ma sai ranar da motar haya ba ta lalace a Kwanar Dangora ba.

Wayarsa sai wanda ya gani. Faɗinta ya kusa allon karatu, idanunta uku a baya. Ba ta shiga aljihu, ko da tana shiga ma ba zai sa ta ba, don abin da ke cikin aljihu ba a ganinsa. A hannun hagu take wuni. Ko alwala zai yi sai ya nemi dutse mai tsayi ya jingina ta, fuskarta na kallon jama'a. Ya ce tun da ya saye ta sabis ɗinta bai taɓa sauka daga sanda huɗu ba, ko a cikin rijiya. Ba wanda ya taɓa raka shi cikin rijiya, saboda haka aka yarda, aka naɗa shi Sanda-Huɗu na Ƙofar Gayan ba tare da an wahalar da kowa da rawani ba. Shi a zatonsa girmamawa ce, har hannu yake ɗagawa in an kira.

A majalisar bakin masallaci bayan La'asar, in ka fito da wayarka don duba lokaci ka shiga uku. Kafin ka mayar ya fizge. Ya juya ta gaba da baya, ya girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare, ya ce:

"Malam, wannan ai ba ta da afdet. Ka san afdet? Kamfani ne zai aiko wa waya sabon hankali ta iska. Tawa duk wata sai ta yi. Matsalarku ke nan mutanen cikin ganuwa, ba ku yin afdet, daga ku har wayoyinku. Duniya ta yi gaba, ku kuna nan kuna rubuta lamba a bangon zaure da gawayi."

Ranar da rediyon ladan ya ƙi kama tasha, Alhaji ya ce rashin afdet ne. Ranar da ƙafar mai unguwa ta kumbura, saura ƙiris ya faɗa, Allah ya taimaka aka kira Magariba.

To, babban mutum ba ya rasa babban ciwo. Ciwon Alhaji sunansa. Mahaifinsa ya raɗa masa Sharfaddeen, suna mai nauyi, irin wanda sai ka gyara zama kafin ka faɗa. Amma tun ranar da aka ga ya zura hannun hagu cikin kwanon tuwo aka ce Bahago, Bahagon nan ya bi shi har furfura. Ya rubuta Sharfaddeen a ƙofar gida, ya rubuta a bayan mota, duk da haka ko mai kawo itace in ya zo sai ya ce, "Nan ne gidan Bahago?" Shi ya sa Alhaji ya ƙudura a ransa, ranar da Allah ya ba shi jika namiji, sunan nan sai ya tashi daga kwance.

Sai Allah ya haɗa masa alheri biyu a mako ɗaya. Na farko, Alhaji Suhaib na Ƙofar Jatau, wani ɗan kasuwa mai sanyin hali da ya yi shekaru yana zuwa Chana saro kaya ba tare da maƙwabcinsa ma ya ji ba, ya yarda zai tafi da shi. Na biyu, ana jibi za su tashi, Radiya matar ɗansa Nura ta sauka lafiya. Namiji, jikan fari. Da aka ƙirga kwanaki sai aka ga ranar suna za ta riski Alhaji a Gwanzu, birnin 'yan kasuwa na Chana. Wani sai ya ɗage tafiya, wani sai ya bar wa ɗansa wuƙa da nama. Alhaji ba wani ba ne.

Washegari da hantsi dattawa suka taru a zaure yin barka. Da liman, da mai unguwa, da Malam Garba mahaifin Radiya, wani mai ɗinkin hula daga Limancin Kona wanda ba ya ɗaga murya ko kan akuyarsa. Nura kuwa malamin firamare ne, yaron kirki, irin wanda in ka ce masa zauna ba ya tambayar a ina. Ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, mun yi shawara, muna so a mayar da sunanka."

Kowa ya san yadda ake yi. In an yi maka tayin girma sai ka ɗan noƙe sau ɗaya don kunya, a ce haba dai, ka ce to Allah ya raya. An gama. Amma Alhaji in ya tashi kawaici, na Intanashinal yake yi. Ya gyara babbar riga, ya ɗora waya a gwiwa, ya yi gyaran murya.

"Nura, ka ba ni kunya. Takwara? A wannan zamanin? Wannan ai tsohon yayi ne, na mutanen da ke tsoron a manta da su. Ni ko yau na faɗi sunana na cikin intanet. Ba na so, ban yarda ba, dattawa ku zama shaida. Suna yana wurina. Ranar Alhamis ƙarfe bakwai na safe zan kira daga Chana ta bidiyo, kowa na kallona, in faɗa da bakina. Kafin nan kada wanda ya taɓa ragon nan."

Ya tsaya jiran a ce haba Alhaji. Dattawa suka dubi juna. Liman ya ce, "Madalla. Mai tawali'u irinka sai an tona." Malam Garba ya ce Allah ya ƙara girma. Aka shafa fatiha aka watse.

Alhaji bai damu ba, don dabararsa a shirye take. Ranar suna, fuskarsa ta cika talabijin, zai ce jama'a a kawo shawara. Za a roƙe shi ya ƙi, a sake roƙo ya kau da kai, a na uku ya share ƙwalla ya ce tunda kun matsa. Girman da aka ba ka a zaure gaban mutum takwas, ina ya kai wanda aka roƙe ka ka karɓa gaban unguwa guda, kai kuma kana Chana? Wannan shiri ko Hajiya Sailuba, matarsa ta shekara talatin, bai gaya wa ba. Ya dai bar umarni a ɗauko babban talabijin daga gidan kallon ƙwallo, a haɗa da lasifika da janareto, ya kama hanyar filin jirgi.

Kwana huɗun farko unguwa ba ta huta ba. Bidiyo yake turowa kamar ruwan Agusta. Ga Alhaji gaban dogon bene. Ga Alhaji kan matakala mai tafiya da kanta, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana murmushin wanda bai ji tsoro ba. Ga Alhaji yana kokawa da shinkafa da tsinke biyu, shinkafar na cin nasara. A ƙarshen kowane saƙo sai ya ƙara da cewa, "Sanda huɗu, har a nan."

Abin da ya biyo baya kuwa, Alhaji Suhaib ne ya ba da labarinsa daga baya a wajen wani ɗaurin aure, kuma sai da aka matsa masa.

Chana ta riga mu ganin rana da awa bakwai, saboda haka bakwai ɗin safiyarmu ƙarfe biyun ranarsu ce. Ranar Alhamis tun hantsi Alhaji ya yi wanka, ya sa farar shaddar da ya ajiye don ranar, ya kafa hula, ya ja kujera gaban tagar otal yadda dogayen benaye za su fito a bayansa. Yana gwada murmushi a fuskar waya sai ga saƙo ya faɗo: sabon afdet ya iso.

Suhaib ya leƙo ya gani ya ce, "Alhaji, ƙyale shi sai mun koma gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nan ba Zariya ba ce, layinmu aron sabis yake yi, abu kaɗan ke ture shi."

"Suhaib," in ji Alhaji, "kai ka riga ni zuwa Chana, amma ni na riga ka zuwa zamani. In raɗa wa jikana suna da tsohuwar waya? Yaro ya taso ya ji labari? Afdet ɗin nan ma a nan ake dafa shi. Yau da zafinsa zan sha tun daga bakin tukunya, kafin ya huce a hanyar Najeriya."

Ya danna da babban yatsan hagu.

Waya ta yi baƙi, ta kawo haske, wani ɗan layi ya yi ta rarrafe kamar hawainiya wajen minti arba'in. Sannan ta farka da sabbin kaloli da sabon agogo, tana ƙyalli kamar an wanke ta. Alhaji ya ce, "Ka gani?" Ya kai ido kusurwar sama inda sandunansa huɗu suka saba tsayuwa. Wayam. Ba huɗu, ba uku, ba ko guntun ɗaya. Ya koma intanet ɗin otal, ta kama, amma saƙo ko bakin ƙofa bai kai ba, don 'yar manhajar da baƙi ke bi ta cikinta su gaisa da gida ta ce ita ba ta san wannan sabuwar wayar ba, ta ƙi buɗewa.

Suhaib ya ce, "Kawo in duba maka wani ɗan maɓalli." Alhaji ya ce wayar ba ta saba da hannun kowa ba. Suhaib ya ce, "To karanto mini lambar Nura in kira maka a tawa." Ya miƙo wata waya mai tsagaggiyar fuska kamar fadama da rani, an ɗaure bayanta da roba. Alhaji ya dube ta sama da ƙasa.

"In fito a talabijin ɗin unguwa da lambar wani? Nura ya tashi gaban jama'a ya ce ga Baba ya kira da wayar aro? Ajiye abarka. Wannan ƙaramin abu ne, waya ce take sabawa da sabon hankalinta. Mu da muka san harkar ba ma gaggawa."

Mutumin da ba ya gaggawa ya kashe waya ya kunna sau tara. Ya ciro layi ya hura masa iska, ya goga a shadda, ya mayar. Ya zura hannu ta taga. Ya hau bene hawa na ashirin da bakwai ya ɗaga waya sama yana juyawa kamar mai neman jinjirin wata. Ya sauko wurin matar da ke teburin karɓar baƙi, ya yi mata bayani da Hausa, ya ƙara da Turancin da ya tara a Kano, ya cika da hannu. Ya nuna waya, ya yi jijjigar jariri, ya kafa yatsu biyu a ka ya ce meee, sannan ya ja yatsa a wuya. Baiwar Allah ta yi murmushi, ta gyaɗa kai alamar ta gane sarai, ta rubuta masa sunan wani gidan abincin Musulmi da ke sayar da naman rago.

A daidai lokacin, a Ƙofar Gayan an idar da Asuba an cika ƙofar gida maƙil. Ranar har waɗanda ba su saba zuwa suna ba sun zo, don ba kullum ake ganin mutumin unguwa yana magana daga Chana ba. An shimfiɗa tabarmi, an raba goro da dabino. Talabijin na kan tebur, janareto na ruri. Mahauci na wasa wuƙa, rago na kallonsa. Maroƙi ya buɗe murya: "Sanda-Huɗu na Hajiya Sailuba! Mai magana da Chana kamar maƙwabta! Kana can kana nan, angon zamani!"

Bakwai ta buga, shiru. Bakwai da minti goma Nura ya ce bari shi ya kira. Wayarsa na haɗe da lasifika, saboda haka har masu tuyar ƙosai a bakin titi sai da suka ji wata mata ta ce lambar da ake kira ba ta samuwa a yanzu, a sake gwadawa an jima. Can daga baya wani ya ce, "Wannan Hajiyar fa, a can ya auro ta?" Sai da liman ya ɗaga hannu kafin dariya ta lafa.

Nura ya sake kira, matar ta sake amsawa. Ya sake, ta sake. Maroƙi ya ƙare kirarin Alhaji, ya koma na mahaifinsa, ya koma na kakansa, ya dawo kan motarsa, murya ta dushe. Ma'aikata suka fara duban agogo. Mahauci ya ce shi fa kasuwa ba ta jira. Hajiya Sailuba ta aiko daga cikin gida cewa ruwa ya tafasa sau uku, in ba yau za a yanka ragon ba a gaya mata ta sauke tukunya.

A Gwanzu kuwa biyu da rabi ta wuce, farar shadda ta jiƙe sharkaf. Alhaji yana ta tonon cikin waya har ya faɗa kan wani wuri da ya fahimci yana nufin a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Ya ce, "Yauwa! Ai kamfani ya fi kowa sanin abinsa." Suhaib ya miƙe tsaye ya ce don girman Allah kada ya taɓa nan. Wayar da kanta sai da ta tambaye shi sau biyu ko ya tabbata. Alhaji bai taɓa rashin tabbas ba a rayuwarsa. Ya danna.

Ta farka fes kamar jaririyar da aka haifa yanzu. Ba lamba ko ɗaya, ba hoto, ba bidiyon matakala. Sabis ɗin ma da aka yi don shi bai zo ba. Garin neman gira an rasa ido.

Alhaji ya zauna a bakin gado. Can ya ce da wata 'yar murya da Ƙofar Gayan ba ta taɓa ji ba, "Suhaib, ɗan kawo wayar nan taka in gani."

"Ga ta. Faɗi lambar Nura."

Alhaji ya dubi rufin ɗaki. Ya fara da sifili, ya yi tafiya mai kyau har ƙarshe, Suhaib ya danna, sai matar nan ta ce lambar ba ta samuwa. Ashe lambar kansa ya faɗa. Ta Hajiya Sailuba fa? Ya ce ya san dai akwai bakwai a ciki, wataƙila biyu. Shi kuma Suhaib duk Ƙofar Gayan lambar mutum ɗaya yake da ita, kuma ga mutumin nan zaune gabansa yana fifita da hula.

Dole aka kira Batul matar Suhaib a Ƙofar Jatau, aka ce ta yi maza ta kai saƙo. Suhaib ya rufe bakin waya da tafin hannu ya ce, "Alhaji, faɗi sunan kawai ta kai musu." Ta yaya mutumin da ya kafa shaidu cewa ba ya son takwara zai aiko matar abokinsa da saƙon a sa sunansa, ba wanda ya roƙe shi? Sai Alhaji ya ce, "A ce su jira ni."

Batul ta sa hijabi ta fito da saurinta. Amma daga Ƙofar Jatau zuwa Ƙofar Gayan, mace mai mutunci ba ta wuce gidan da aka yi rasuwa ba ta shiga ta yi gaisuwa ba, kuma a makon nan akwai irin wannan gida biyu a hanya.

Takwas da kwata liman ya kira Nura gefe ya ce, "Malam Nura, rana ta ɗaga, jama'a na da uzuri, yaro kuma haƙƙinsa ne a raɗa masa suna yau. Mahaifinka ya ce bakwai, mun ba shi har da ƙari. Kai ne uba." Mai unguwa ya ce, "To a sa sunan Alhajin mana, ai ya cancanta." Mutum biyar suka ce ƙwarai kuwa, wasu goma suka ce wallahi ya cancanta. Roƙon da Alhaji ya ƙetare teku don ya ji, ga shi ana yi, unguwa guda, da murya ɗaya, talabijin kuwa shuɗi fetal ba kowa a ciki.

Nura ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba ya hana. Kuna wurin."

Liman ya ce, "Ƙwarai, ni shaida ne. Ba za mu saɓa wa bawan Allah don ba ya nan ba. Ai yaro kakanni biyu gare shi."

Ido ya koma kan Malam Garba, yana can ƙarshen tabarma da goronsa. Ya ce, "A'a, haba, ni wa?" Aka ce haba Malam. Ya ce, "To, Allah ya raya." An gama. Liman ya yi addu'a, maroƙi ya tattaro ragowar muryarsa ya ce sunan yaro Abubakar, wato sunan yanka na Malam Garba. Guɗa ta tashi a cikin gida, mahauci ya yi bisimilla.

Ko da Batul ta iso tana haki da saƙon a jira, an shanya fata, hanta na kan wuta. Aka ba ta waina da miya ta ci, ta yi barka, ta koma gida.

A can otal, Alhaji ya shiga alwalar La'asar ya bar waya a kan gado. Suhaib ya ɗauka, ya shiga nan ya shiga can, ya taɓa ɗan maɓallin nan da ke ba layi izinin aron sabis a ƙasar waje, wanda afdet ya kashe tun farko. Kafin Alhaji ya gama wanke ƙafa sanduna huɗu sun miƙe tsaye reras. Saƙon farko da ya shigo na Nura ne: "Baba, Allah ya sa lafiya. Mun jira har takwas da rabi. Mun bi umarninka, ba mu yi maka takwara ba. Sunan yaro Abubakar. Kowa yana ta yabon tawali'unka."

Suhaib ya ce sau uku Alhaji ya karanta. Da ya idar da salla sai ya cire hula, ya ce shinkafar Chana ce ba ta karɓe shi ba, ya juya fuska bango ya kwanta.

Amma jarumi jarumi ne. Ranar da ya dawo, La'asar a majalisa ta same shi da sabon tabarau.

"Da gangan na yi. Gwada Nura na yi in ga ko zai iya riƙe gida bayan raina, kuma alhamdu lillahi ya ci jarrabawa. Abubakar ɗin nan shi ne sunan da ke bakina tun a jirgi. Maganar sabis kuwa ta fi ƙarfin fahimtarku. Taurarin ɗan'adam biyu ne suka yi karo a sama ranar, rabin Chana ba waya. Ni ne ma na fara ganowa, na sanar da hukumar otal."

Aka ce Allah ya ƙara basira, Sanda-Huɗu. Ya ɗaga hannu.

Da a nan zance ya tsaya, da an bar kaza cikin gashinta. Sai dai bayan wata biyu babbar mota ta tsaya a ƙofar gida da kayan da Alhaji ya saro, shi kuma ranar yana Kano. Aka sauke kwalayen tocila da na agogo, sannan aka fara sauke bokitai. Ana saukewa, ana saukewa, har ɗari biyar. Ashe tun ranar da ya sauka Gwanzu ya ba wani kamfani aikinsu, lambar kamfanin kuma ta tafi tare da sauran lambobi, bai samu hanyar cewa a fasa ba. A jikin kowane bokiti ga Alhaji yana murmushi, waya a kunnen hagu, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Barka da Sunan Sharfaddeen Ƙarami.

Hajiya Sailuba ta karanta. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi. Da ta share hawaye ta ce tsaraba ba ta kwana, kuma roba ba ta yi laifin komai ba. Kafin Alhaji ya dawo da Magariba ba gidan da bokiti bai shiga ba, daga Ƙofar Gayan har Limancin Kona.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, majalisa ta cika, sai ga Malam Garba ya zo godiya. Ya miƙa hannu biyu, ya gaida surukinsa cikin ladabi, ya tambayi gajiyar hanya, ya ce:

"Alhaji, mun ga saƙo, Allah ya saka da alheri. Bokiti mai ƙwari, wallahi. Na ware shi don dusar akuya, kullum da safe in na sunkuya zan zuba mata sai mun gaisa da kai. Sai dai shi wannan Sharfaddeen Ƙaramin har yanzu ba a kawo mana shi mun sa masa albarka ba. Ko a Chana aka baro shi?"